Canon Selphy CP1300: shekara guda da ita tsakanin Maradi da tsibiran kogin Isa

Tun da watan Disamba ya kama, abokan sana'a ke tare ni da tambaya ɗaya, ko a Babbar Kasuwa ko a wajen biki: wannan 'yar na'urar wanke hoto da nake yawo da ita a jaka, ta mayar da kuɗinta kuwa? E, ta mayar. Sai dai ba a cikin garin Maradi ta mayar ba. A kan ruwa ta ciyar da ni, a tsibiran kogin Isa, wato kogin Neja, da ke yankin Gaya, inda na yi mafi yawan aikina na bana. Wanda shagonsa ke Sabon Gari ko unguwar Zariya, kusa da masu manyan injuna, lissafinsa daban ne da nawa, kuma zan zo kansa.

Na'urar ita ce Canon Selphy CP1300, wadda ta fito a 2017. Nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, tana shiga jakar kyamara ta bar wa batir da takardu wuri. Tana da ɗan allo na inci 3.2 da ake ɗagawa. Tana karɓar hoto daga katin SD, daga filas, ko daga waya ta Wi-Fi, kuma wannan haɗin tsakaninta da wayar ne kawai, ba ya bukatar intanet. Babban hoton da take fitarwa shi ne santimita 10 da 15. Hoto mai tsarin JPEG take karantawa, don haka mai ɗauka da tsarin RAW ya saita kyamararsa ta riƙa ajiye duka biyun.

Babu tawadar ruwa a cikinta. Kaset ne ake sakawa, mai ɗauke da wata siririyar leda da aka shafa wa launi, zafi ne ke manna launin a jikin takarda. Takardar tana shiga ta fito sau huɗu: da fari rawaya, sai ja, sai shuɗi, na ƙarshe kuma wani shafe marar launi mai kare hoton daga ruwa da tabon yatsa. Cikin daƙiƙa 47 ko kusa da haka hoto ya fito a bushe, ka miƙa wa mai shi. Wannan shafen na ƙarshe, ga mutumin da rayuwarsa ke cikin kwalekwale, ya fi duk sauran abin da aka rubuta a jikin kwalin daraja. Na ga masunci ya karɓi hotonsa da jiƙaƙƙen hannu mai ƙarnin kifi, ya goge a riga, hoton ko gezau.

Wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi ce ta fara kai ni can, in ɗaukar mata hotunan allurar shanu. Da aikin ya ƙare sai na ci gaba da komawa don kaina. Tafiyar ba ƙarama ba ce: daga Maradi ka bi ta Birnin Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Dosso, ka karkata kudu zuwa Gaya, sannan ka nemi jirgin da zai kai ka. Tsibirin da ya fi suna shi ne Lete, wajen kilomita 40 daga Gaya. Shi ne Nijar da Benin suka daɗe suna jayayya a kansa, har kotun duniya ta Hague ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005: cikin tsibirai 25 da ke wannan yanki na kogin, 16 na Nijar ne, har da Lete, 9 kuma na Benin. Fulani makiyaya ne suka fi yawa a Lete, burgu ne ya zaunar da su, ciyawar ruwan nan da shanu ke ƙiba a kanta. A ƙananan tsibirai da bakin gaɓa kuma akwai sansanonin masunta, Dandawa da Sarkawa da Kabawa, kuma Hausa ce harshen ciniki a tsakaninsu.

Mu 'yan Maradi mun saba da Gulbi, wanda ke cika da damina ya koma rairayi da rani. Kogin Isa ba haka yake ba, sau biyu yake kawo ruwa. Na fari jan ruwa ne na damina, wajen Agusta da Satumba. Na biyu shi ne wanda ya taso tun daga duwatsun Gini, ya ɗauki watanni yana ratsa Mali, sai ya iso nan a cikin sanyi. A wannan lokacin da nake rubutu, ana hazo a Maradi, leɓe na tsagewa, can kuwa kogi a cike yake. Mai hoto ya san da wannan kafin ya shirya tafiya, domin hanyar da ka taka da ƙafa a watan Mayu, sai da kwalekwale a Disamba.

Abin da ya sa nake yaba wannan na'ura kuwa, ba ƙarfe ko robar da aka yi ta da su ba ne. Mutanen tsibiri ba sa murna da kyamara, kuma suna da hujja. A wani ruga a Lete, da na nemi izinin ɗaukar garke yana ƙetare ruwa, dattijon gidan ya dube ni ya ce, "Ɗana, irinku da yawa sun zo. Kowa ya ɗauka ya tafi da mu cikin akwatinsa. Ni dai ban taɓa ganin fuskata a hannun ko ɗayansu ba." Na ce, "Baba, ka ba ni dama in ɗauke ka kai kaɗai, in ban ba ka a hannu ba kafin ka tashi daga tabarmar nan, ba zan ɗauki ko saniya guda ba." Ya gyara malfarsa, ya ɗora sanda a kafaɗa. Na zare katin daga kyamara na saka a na'ura, a kan wani turmi da aka kifa. Da takardar ta fito rawaya zalla, matan da suka taru suka fara dariya, wata ta ce hoton ya lalace. Ta koma ta fito da ja, sai aka yi tsit. A zagaye na uku fuskarsa ta bayyana sosai, har layukan goshi da farin gemu. Ya riƙe hoton da hannu biyu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kira masa uwargidansa, ita ma a yi mata. Ranar ban bar rugar ba sai da rana ta faɗi, kuma garken da nake nema, shi da kansa ya sa yaransa suka koro mini shi ta inda haske ya fi kyau.

Tun daga nan matsayina ya sauya. Na daina zama baƙon da ya zo kallon mutane, na zama mai sana'a kamar maƙeri ko wanzami, wanda ake aika yaro ya kira. Da jirgi ya tsaya sai ka ji yara na ihu, "Mai hoto ya zo!" Akwai waya a tsibirai, samari da dama suna da masu kyamara. Amma waya tana faɗawa ruwa, katinta yana lalacewa, ana sayar da ita in hatsi ya ƙare. Tsohuwa kuma ba ta da wayar da za ta buɗe. Abin da take so shi ne hoton jikanta da za ta saƙala a jikin zana, ko ta ajiye cikin kwalla tare da zanenta na salla.

Abin da mutane ke so a ɗauka ya koya mini abubuwa da yawa game da zaman wurin. Masunci ba ya tsayawa hoto hannu sake. Ko ya riƙe giwan ruwan da ya kama, ko ya tsaya a goshin sabon kwalekwalensa da birgi a kafaɗa. Mata masu banda kifi sai sun bar wajen hayaƙi sun yi wanka sun ɗaura zanen da suka fi so, in ka ɗauke su a bakin aiki ba za su karɓa ba, kuma ina ganin gaskiyarsu. Samarin Fulani da bijiminsu suke tsayawa. Yara maza kuwa, musamman yanzu da ake cikin lokacin kokowar takobi, kowa sai ya tuɓe riga ya buɗe ƙirji ya ce shi ne shahararren ɗan kokowa Issaka Issaka. Wata tsohuwa ta sa na yi mata kwafi biyu na hoto ɗaya, ta ba wani direban jirgi guda ya kai wa ɗanta da ke aiki a Kwatano. Ta ce, "Ya ga ina nan da ƙarfina, ya daina damuwa."

Amma in ana maganar abin da ke biyan kuɗin mota da na jirgi, ƙananan hotunan takardu ne. Na'urar tana da tsarin hoton katin shaida a cikinta: ka zaɓi girma, ta jera fuskoki da yawa a takarda ɗaya, ka yanka da almakashi. Mutumin tsibiri da ke bukatar hoto don katin ɗan ƙasa ko takardun makarantar ɗansa, sai ya biya jirgi, ya biya mota ko kabu-kabu zuwa Gaya, ya bar aikin yini guda. Ni kuwa farin yadi kawai nake ratayawa a jikin bukka. Wani malamin lakwal ya jera mini ɗalibansa a inuwar bishiya, kafin azahar kowa ya samu nasa. Ko da wannan aikin kaɗai take yi, da na saye ta.

Sai maganar wuta. A tsibiran da na kwana babu wutar gari, sai faifan sola na masu cajin waya. Na'urar tana zuwa da wayarta ta jona wa wuta, batirin kuwa, mai lamba NB-CP2LH, daban ake sayensa, kuma kamfanin ya ce caji ɗaya yana fitar da hoto wajen 54. Duk mai niyyar fita ƙauye ya sa kuɗin batirin nan cikin lissafi tun farko, don in babu shi, aikin bai fara ba. Ni ina tafiya da ƙaramin faifan sola mai naɗewa, da batirin babur, da 'yar inbata. Da hantsi in shimfiɗa faifan a kan rufin bukka, da la'asar in yi caji. A ranar kasuwa ko ranar suna, hoto 54 ba ya kai ka ko'ina, sai in jona ta kai tsaye a inbata.

Abokan gabarta biyu ne a ƙasarmu, ƙura da zafi. Tunda takardar tana leƙowa ta baya sau da yawa kafin hoto ya kammala, duk ƙurar da ta sauka a kanta a tsakani za ta bar farin ɗigo, wani lokaci dogon layi daga sama har ƙasa. Cikin hunturu wannan ba abin wasa ba ne, a Maradi ma ya fi tsanani bisa kan ruwa. Dabarata ita ce babban kwali da na kwantar a gefe na lulluɓe bakinsa da yadi mai tsabta, na'urar na ciki, da sarari a bayanta kamar tsawon tafin hannu don takarda ta samu wurin fita. Ba na buɗe ƙunshin takarda sai wanda zan yi aiki da shi nan take, ba na taɓa fuskar takardar da yatsa, in na gama in rufe komai in mayar jaka. Game da zafi, littafinta ya ce a yi aiki da ita tsakanin digiri 5 zuwa 40, kuma kowa ya san abin da Afrilu da Mayu ke yi mana. In ta yi zafi takan dakata da kanta har ta huce, haka aka ƙera ta, kada mutum ya tsorata ya kashe ta hoto na tsakiyar fita. Da bazara nakan yi ɗauka da safe, in bar wankewa sai bayan la'asar a inuwa.

A cikin jirgi kuma, bokitin fenti mai murfi shi ne akwatina. Na wanke shi tas, na shimfiɗa tsumma a ƙasa, na'ura da takardu a cikin leda, murfi a danne. Kwalekwale ba ya rabuwa da ruwa a gindinsa, in mai inji ya wuce kusa da ku kuma sai igiyar ruwa ta watso ciki. Inda aka ce akwai dorina, matuƙi kan kauce ba shiri, kaya su zube. Jakar kyamara ta yadi ba ta isa ba a nan.

Takarda da kaset tare ake sayar da su. Kwalin KP-108IN yana da takarda 108 da kaset uku, kowanne na hoto 36. Akwai kuma RP-108, shi kaset biyu ne masu 54. Kowane hoto yana cin rabonsa na leda cif, ko baƙi ne ko fari, don haka lissafi a fili yake, ba kamar injin tawadar ruwa da ba ka san ranar ƙarewarta ba. A inda nake saye, kwali yana kama ni wajen jikka 25, ke nan hoto ɗaya ya tsaya mini kusan sefa 230. Ina sayarwa dala 100, wato sefa 500. Riba ce, amma ba mai yawa ba in ka cire kuɗin hanya, kuma hoton da ƙura ta ɓata asararka ce kai kaɗai, tunda ba a mayar da takardar da ta riga ta shiga. Ba kullum ake biya da sefa ba. Na karɓi naira daga masu zuwa daga wajen Kamba, na karɓi bandar tarwaɗa, na karɓi man shanu a ƙwarya. Kifin nan in na iso da shi Maradi, iyalina sun fi murna da shi bisa kuɗin.

A nan zan ja kunnen 'yan'uwa. Wani ɗan kasuwa, ba zan kama suna ba, ya sayar mini da kwali a farashin da ya yi ƙasa da na kowa. Ashe kayan sun daɗe a ɗakin ajiya mai yoyo. Sai da na isa tsibiri na buɗe, na tarar takardu sun manne da juna, launi na fita dabbare-dabbare. Mutane sun yi kwalliya sun jeru, na ba su haƙuri. Araha ba ta ado. Ka duba kwali da kyau kafin ka biya, in akwai tabon ruwa ko ya koɗe da rana, ka bar masa kayansa.

Akwai wani abu da ban taɓa jin masu sayarwa sun faɗa ba, kuma a ganina ya fi batun riba nauyi. Ledar kaset ɗin da ta ƙare tana riƙe da inuwar duk hoton da ta fitar. In ka warware ta ka ɗaga a haske, za ka gane fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya. Matan aure da ke cikin gida sun yarda na ɗauke su ne don mazajensu sun amince da ni, wasu ma sai da na ba ƙanwar miji kyamara ta shiga ta ɗauka. Ba zai yiwu in jefar da kaset a bola yara su warware suna wasa da shi ba. Ina tara su in dawo da su gida, in zare ledar in ƙone. Hotunan mata kuma ina goge su daga kati a gaban mai gida da zarar na miƙa. Amana ce, kuma duk wanda zai yi wannan sana'a a ƙauye ya riƙe ta haka.

Kan kyawun hoto, na gamsu. Launin zane da na rawani suna fita yadda suke, baƙar fata tana fita da kyanta in an ɗauka daidai. Sai dai mutum ya tuna allon waya yana da haskensa, takarda ba ta da shi, don haka abin da ka gani a allo zai ɗan fi na hannu haske. A bakin kogi ruwa yana yaudarar kyamara, ta ga ƙyalli ta rage haske, fuska ta yi duhu. Nakan ƙara haske kaɗan tun wajen ɗauka, in juya mutum ya fuskanci ruwan maimakon ya ba shi baya. Da sassafe, lokacin da masunta ke dawowa daga duba mamari, da kuma bayan la'asar, su ne lokutan da ba na bari su wuce ni.

Yankin iyaka ne, wannan ma a sani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, zirga-zirga ta koma kan kwalekwale, jami'an tsaro kuma suna sa ido sosai. Mai kyamara ya fara gabatar da kansa ga hukuma da maigari ko arɗo, ya riƙe takardunsa, kada ya nuna kyamara wajen shingen jami'ai ko mashigar jirage. A nan ma na'urar ta taimake ni. Da aka buɗe bokitina aka ga takardun hoto da farin yadi da almakashi, bayanin sana'ata bai yi tsawo ba.

To, wa ba zan ba shawarar ya saya ba? Mai shago a tsakiyar Maradi wanda aikinsa manyan hotunan bango ne da albam na biki. Hoto ɗari uku na ɗaurin aure, in ka ce da wannan za ka wanke, za ka kwana a kai, kuma masu manyan injuna za su yi maka shi da rahusa. Ba ta yin babban hoto ko kaɗan. A gari amfaninta shi ne na nan take: ƙawayen amarya da ke son tafiya da nasu a hannu, ranar hawan salla, ko hoton takardu na gaggawa. Wanda kuwa yake bin kasuwannin ƙauye, ko Tibiri da Madarunfa da Ɗan Isa, ko yake da niyyar zuwa inda babu shagon hoto ko ɗaya, to shi aka yi wa ita.

Akwai sabuwa, CP1500, da ta fito a 2022. Allonta ya ɗan fi girma, ta ɗan fi sauri, kuma takarda da kaset iri ɗaya suke ci. Wanda ya samu tsohuwar da sauƙi bai yi asara ba. In ta hannu ce, kada ka biya sai an wanke hoto a gabanka, kuma ka zaɓi hoton da ke da sarari fili kamar sama ko farin bango, a nan ne layi ke nuna kansa in ɓangaren da ke manna launi ya samu tabo. Ka tabbatar akwatin takarda na girman 10 da 15 yana ciki, da wayar wutarta ta asali.

Roƙona ga 'yan kasuwarmu na Maradi shi ne su riƙa kawo takardar nan a kai a kai, su kuma ajiye ta inda babu laima da rana. Ni har yanzu sai na yi saƙo Kano ko Yamai nake samun wadda hankalina ya kwanta da ita, wani lokaci in jira direba kwanaki, alhali mutane a Lete sun riga sun aiko cewa akwai bikin aure bayan sabuwar shekara, suna jirana. Masu hoton da ke tambayata game da na'urar nan suna da yawa, kuma kowannensu in ya saya, kwali zai riƙa nema wata bayan wata.